Babi na Huɗu: Wa Ke da Lungun Nan?

Idan mai neman gida ya tambaye ni ko unguwarmu tana zaunuwa, nakan yi jim kafin in amsa. Da can ba haka ake tambaya ba a cikin birnin Kano. Abin da ake son sani shi ne ko rijiyar gidan zartsi ce, da kuma su wane ne maƙwabta. Yanzu dillali bai gama buɗe kwaɗo ba za ka ji an jero masa: ana faɗan daba a nan? Ruwa yana shiga da damina? Zuwa ƙarfe nawa mutum zai iya dawowa da waya a aljihu? Na daɗe ina ganin kowace tambaya da mai amsa ta, wannan ta 'yan sanda, waccan ta masu yashe kwata. Sai da muka zo rushe gidanmu na gado don a sake gini na gane ashe saiwarsu ɗaya.

Gidan yana cikin ganuwa, tafiyar 'yan mintoci a ƙasa daga kasuwar Kurmi. Mota ba ta shiga lungunmu. In mai ruwa ya turo kurarsa, mai tahowa sai ya manne da bango. Lokacin ƙuruciyata kowane gida yana da soro, abin da wasu garuruwan ke kira zaure, kuma kusan kowane soro da dakali a gabansa. Ba wanda ya taɓa kiran waɗannan da sunan tsaro, amma bari in bi maka yinin lungun. Da asuba masallata ne, sai almajiran Malam su cika soron bakin hanya da allunansu. Da hantsi masu ɗinkin hula da wani dattijo baduku su yi shimfiɗa a inuwar bango, 'yan talla suna shiga gidaje suna fita. Bayan la'asar dakali na dattawa ne. Da an idar da magariba kowane maigida ya sa a fito masa da tuwonsa, maƙwabta su haɗa kwanuka a ci tare. Bayan lisha 'yan mata su tafi dandali, mai shayi ya kunna fitila, samari su baje a bakin ɗakinsu na ƙofar gida har dare ya raba. In sun shiga, almajirai na kwance a soraye. Dare da rana, babu lokacin da lungun yake zama ba ido a kansa.

Baƙo in ya shigo, kafin ya wuce gida uku wani ya ce masa, "Sannu da zuwa, Malam, wa ake nema?" Gaisuwa ce ta gaskiya, don in ya faɗi suna za a haɗa shi da yaro ya kai shi har ƙofa. Wanda ba shi da amsa kuma ya san an gan shi. Mu yaran lungun ma ba mu tsira ba. Ranar da na fara gudun makarantar allo, ban kai bakin titi ba badukun nan ya ɗago kai daga kan fatarsa ya ce, "Kai ɗan nan, zo. Malam ya tashe ku ne?" Na ce, "A'a, Baba, aikena aka yi." Ya ce to mu je ya ji daga bakin wanda ya aike ni. Da yamma mahaifina ya taka har inda yake ya yi masa godiya. Ɗa na kowa ne, haka ake faɗa, amma mutum ba ya tsawata wa yaron da bai gani ba, kuma dakali ne yake sa a gani.

Bayan idon maƙwabta akwai mai unguwa. Shi ake kai wa baƙon da zai kwana, shi ke shaida cinikin gida, shi ke kashe rigimar indararo kafin ta kai gaban alƙali. A zamanin En'e ana shakkarsa, don 'yan doka na hukumar gargajiya ne, haraji kuma ya sa dole ya san kowane baligi a unguwarsa, da sunansa da sana'arsa. An haɗe 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya a zamanin Gowon, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauke ragowar iko daga hannun sarakuna, sannan Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali da ya hau mulki a 1979. Ba na cikin masu kewar haraji. Na ji labarin magidantan da aka shanya a rana saboda shi, kuma soke shi adalci ne. Sai dai da ya tafi, littafin da ake rubuta mutanen unguwa ya bi shi, ba a kawo wani a madadinsa ba. Yau in an yi ta'asa mai unguwa ake fara kira, alhali ba shi da ɗan sanda ko ɗaya, ba shi da sunayen 'yan haya, sai rawani da kunyarsa da ake ji.

Kada a ɗauka ina cewa da komai lafiya lau ne. Idon da ke tsare ka shi ke sa maka ido. Bazawarar da ta dawo gida bayan lisha ta san abin da dakali yake iya yi da sunanta. Daba ma a cikin lungunan nan aka haife ta, daga 'yan farauta da 'yan tauri, 'yan siyasa suka same ta a shirye tun zamanin NEPU da NPC suka mayar da ita banga. Maitatsine kuwa shekaru ya yi a 'Yan Awaki yana tara mabiya yana matsa wa maƙwabta a gaban kowa, kafin abin ya fashe a Disambar 1980 ya ci rai sama da 4,000. Gani kaɗai ba ya hana ɓarna in wanda aka kai wa magana bai motsa ba. Duk da haka ɗan dabar da na sani ina yaro yana da iyaka: ba ya taɓa ɗan unguwarsu. Faɗansa da wata unguwa ne, a wajen farauta ko hawan Sallah, kuma yana da babba da za a iya kira soro a zaunar a ce ya ja wa yaransa kunne.

To me ya ci soron? Yawa ne da rabon gado. Da Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunanta 30,000, kuma babban ɓangare na cikin ganuwa gonaki ne. Ƙidayar 2006 ta sami sama da mutum miliyan 2.8 a ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka zama birnin. Gidan da kakanmu ya gina don mata biyu da 'ya'yansu, da aka zo rabo magada sun fi ashirin. Wanda rabonsa ya faɗo kan soro ba zai bar wa almajiri ya kwana kyauta ba alhali shi yana biyan haya a Kurna; sai ya toshe ƙofar ciki ya mayar da shi ɗaki ko shago. Masu hali suka tashi suka koma Rijiyar Zaki da Janbulo da Hotoro, inda ake gini da katanga da get, mota ta shige da maigida har ciki bai ce wa kowa sannu ba. Su ne da suke fito da tuwo mai yawa, su ake jin nauyi. Waɗanda suka maye gurbinsu 'yan haya ne, akasarinsu mutanen kirki. Amma mai ɗaki ɗaya na shekara guda, wanda ke fita da sassafe ya dawo da dare, ba zai tsawata wa ɗan wani ba. Bai san uban ba, kuma yana tsoron abin da ke ƙugun yaron.

Sai tsoro ya zo ya ƙarasa. Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 Boko Haram ta kai hare-haren da suka kashe aƙalla mutum 185 a Kano. Ranar 19 ga Janairun 2013 aka buɗe wa ayarin Sarki Ado Bayero wuta, kwanaki kaɗan bayan nan gwamnati ta hana acaɓa ɗaukar fasinja. A shekarun nan mutane suka koyi rufe ƙofa tun magariba. Aka daina barin wanda ba a sani ba ya kwana a soro, sorayen da suka rage aka sa musu ƙyauren ƙarfe. Ban ga laifin kowa ba. Amma da ƙura ta lafa ƙyauren bai sake buɗewa ba. Samarin da acaɓa ke ci da su kuwa, wasu sun samu Adaidaita Sahu, wasu sun dawo lungu sun zauna, a garin da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Calawa suka daɗe suna rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Wurin zamansu dakali ne, don shi kaɗai ya rage ba a kulle ba. Dattawan da ke kansa sun rasu ko sun tashi, yara suka gaje shi, da wiwi da sholisho da maganin tari mai kodin, wanda sai a Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi, bayan wani rahoton BBC da ya nuna yadda yake cin matasa, har da na Kano. Abin da masu gida suka yi shi ne ya fi tsaya mini a rai a duk labarin nan. Wani ya samo baƙin mai wurin bakanike ya kwarara a kan dakalinsa don kada a zauna. Wani ya kafa masa fasassun kwalabe. Mafi yawa suka sa diga suka fasa shi. Kowa ya kori fitina daga ƙofarsa, kuma kowa da gaskiyarsa. Amma ina yaran suka tafi? Kango, da bayan maƙabarta, da kan ragowar ganuwa, wuraren da babu babba ko ɗaya da zai ga wanda ya fara zaro ɗan bida. Da a ƙofar gida suke lalacewa, inda uwar ɗayansu za ta iya leƙowa ta kira sunansa. Yanzu sai sun gama shiri suke shigowa lungu, su tarar da shi ba kowa, bango ta dama, bango ta hagu, ga duhu.

Waya ta ba su abin nema. Ba a taɓa yin zamanin da talaka ke yawo da abu mai tsadar albashin wata a tafin hannu ba, yana haska fuskarsa cikin duhu, abin da za a iya sayarwa kafin gari ya waye. Waɗanda suka fi ji a jikinsu kuma ba sa cikin masu zuwa taron tsaro a masallaci. A birni matan aure da dare suke fita unguwa. Barka, gaisuwar mutuwa, dubiya, duk sai bayan magariba, da mayafi da yaro ɗan rakiya. Da lungu ya zama abin tsoro, wannan fitar ce ta fara mutuwa. Yayata ta gaya mini rabonta da gidan ƙanwar mahaifiyarmu, tafiyar da ba ta fi minti goma ba, tun azumin bara, don in ta je dole ta dawo kafin lisha, kafin lisha kuma tana kan girki. Ga 'yan matan Islamiyyar dare da iyaye suka cire, ga tsofaffin da suka koma yin sallar asuba a ɗaki. Ba a kai wa 'yan sanda irin wannan, don ba a sari kowa ba. Zumunci ne yake tsinkewa a hankali.

Yanzu mu je ƙarshen lungu, inda kududdufi yake. Birnin ƙasa tare yake tashi da ramukansa. Duk gidan da aka gina da tubali, daga wani rami aka haƙo ƙasarsa. Ganuwar ma, wadda Sarki Gijimasu ya fara wajen ƙarni na 12 Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa a na 15, ta bar ramuka a gindinta. Kano kuwa kusan duk ruwanta na shekara cikin wata huɗu yake sauka, mafi yawa a Agusta. Ramukan nan su ne randunan da ke tarar ruwa in an yi shi kamar da bakin ƙwarya, su riƙe shi ƙasa ta shanye a hankali rijiyoyi su samu, ragowar ya gangara Jakara. Suna da illa: sauro, tsargiya ga yara masu wanka, kuma da wuya ka sami unguwar da ba ta da labarin yaron da kududdufi ya ci. Da bulo da siminti suka zo, ba mai bukatar ƙasar rami, sai kududdufi ya zama juji. Juji ya cika da shara da leda, wani ya zuba masa 'yan tifofin ƙasa, sai ga fuloti. Duk wanda ya saba bin titin BUK shekaru ashirin baya ya san ruwan da ke kwance a gindin ganuwa, ya kuma san abin da ke wurin yau.

Namu ina ji ina gani aka cike shi aka yi gidaje a kai. Damina ta farko ruwa ya zo inda ya saba, bai sami masauki ba, ya juyo cikin lungu. Masu sabon gini sun ɗaga harsashinsu sama da hanya, bai shiga nasu ba. Maƙwabcinmu ya ga haka ya ɗaga dokin ƙofarsa da bulo biyu, na kusa da shi ya ɗaga da uku. Ruwan ya bi ya sami gidan da ya fi kowanne ƙasa, na wata tsohuwa da duk lungun ke kira Inna, ginin ƙasa tun na mijinta. Katangar ƙasa ba ranar da aka yi ruwa take faɗuwa ba; jiƙa take sha ta gindi kwana da kwanaki, sannan ta zube cikin dare. Allah ya taƙaita, ɗakin da ya faɗi ba kowa a ciki. Da na je jaje ta ce, "Ɗan nan, shekara hamsin ina gidan nan ruwa bai taɓa tsallako mini soro ba. Ba ruwan ne ya ƙaru ba." Ban iya ce mata komai ba, don mu ma mun ɗaga namu.

A tsakar gidan Inna na fara hango saiwar. Mai kwarara baƙin mai a dakali da mai ɗaga dokin ƙofa abu ɗaya suke yi, kowa yana tura abin da yake tsoro zuwa ƙofar wanda bai kai shi ƙarfi ba. Soro da dakali da kududdufi amfaninsu na lungu ne gaba ɗaya, amma ba wanda ake biya don ya bar su, kuma da ƙasa ta yi tsada kowannensu ya zama asara ga mai shi.

Hukuma ta yi nata, galibi daga bakin titi. A Yulin 2022 an hana Adaidaita Sahu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, dokar da mai naƙudar tsakar dare ta fi kowa ji a jika. A 2023, da ƙwacen waya ya kai intaha, rundunar 'yan sanda ta kira 'yan daba su ajiye makami a yafe musu, ɗaruruwa kuma suka fito. Abu ne mai kyau, sai dai yaron da ya miƙa wuƙarsa lungun da ya bari ya dawo. Mu kuma muka kafa kwamiti muka ɗauki 'yan sintiri, kowane gida da abin da zai bayar a wata. Usur ɗinsu da tsakar dare ya sa mutane da yawa barci, ba na musu. Amma watan da karo-karo ya yi ƙasa su ma sai su yi ƙasa, kuma in ba a kula ba, wanda aka ba gora ya kama ɓarawo yakan fara yanke masa hukunci da kansa, wani lokacin ma ba ɓarawon ba ne.

Abin da ya fi sintiri aiki a lungunmu bai kai shi tsada ba. Fitilun sola ne guda biyu da samarin unguwa suka haɗa kuɗi suka kafa, ɗaya a kwanar masallaci, ɗaya wajen da kududdufi yake da. Hasken ya sa mai shayi ya dawo da teburinsa, mai shayi ya jawo 'yan hira, mai awara ta kafa kaskonta, ɗalibai masu jarrabawa suka fara fitowa da littattafai saboda ba wuta a gida. Har sha ɗayan dare za ka iske mutum goma ko fiye a waje, ba wanda ya ɗauke su gadi. Iyakar hasken dai lungunmu ne. Yayata in za ta gidan ƙanwar mahaifiyarmu sai ta ratsa lunguna huɗu da ba su da shi.

Da muka zo sake ginin gidan, magada muka tsaya da magini a ƙofa. Soro ba a ko ja magana a kansa ba: shago biyu za a fitar a wurin, hayarsu ce za ta riƙe marayun ƙaninmu, kuma ba ni da bakin cewa a'a. Sai magini ya nuna dakalin da ƙafa ya ce, "Alhaji, wannan fa? A fasa?" Yayanmu ya ce a fasa, ya gaji da share guntayen taba da kwalabe kowace safiya. Na ce, "Yaya, don Allah a bar shi. Ni zan riƙa zuwa ina zama bayan la'asar." Ya dube ni ya ce, "Kai da kake Rijiyar Zaki?" Gaskiya ya faɗa. Ina cikin waɗanda suka tashi, gidana da katanga da get. Muka yi ta ja har aka kira magariba. A ƙarshe aka bar rabinsa, wurin zaman mutum uku, a gefen da fitilar masallaci ke kaiwa.

Juma'a da Lahadi nake zuwa, ba kullum ba kamar yadda na ɗauki alkawari. Sauran ranakun, in ji Yaya, da rana masu ruwa ne ke jingine kurarsu su huta a kai, da yamma kuma wani tela ɗan haya yakan fito da hular da yake ɗinki. Makon jiya muna zaune da shi wani yaro ya zo wucewa da gudu, lokacin da ya kamata yana makarantar allo. Sai na ji telan ya ce, "Kai, zo nan. Ɗan gidan wa ne kai?" Yaron ya tsaya, ya dube shi, ya dube ni, ya yi kamar zai wuce. Sannan ya faɗi sunan babansa, sunan da daga ni har telan ba wanda ya taɓa ji.